Awakin Matan Isawane da Saƙon da Ban Gani Ba

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Hawandawaki lafiya, babur bai kayar da kai cikin rairayin hanya ba, masu masauki kuma sun karɓe ka hannu biyu. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda za a kawo maka.

Na san za ka yi dariya in ka ga abin da na zauna na cika takarda a kansa. Ranar da kake haɗa kaya na tambaye ka yadda za ka riƙa samun saƙon manyanku na Tasawa, ka ɗaga salula ka ce, "Inna, mel ɗina duk yana nan ciki. Kuma an ce akwai ordinata a gidan likitar." Na buɗe baki zan yi magana, sai masu sallama suka shigo, na haɗiye. Maganar nan taka ni ma na taɓa yin ta, da irin wannan ɗaga hannun, kuma mata masu yawa sun sha rana saboda ita. Kana yaro lokacin. Abin da ka gani kawai shi ne Inna ta dawo daga daji ta kasa cin tuwo. To yau ga labarin.

Ka tuna shekarun da nake animatris, mai wayar da kai, a proje ɗin nan na tallafa wa ƙungiyoyin mata, nan Mayahi. Aikina yawo ne, ƙauye zuwa ƙauye, a bayan babur. A biro, wato ofis, muna da babbar ordinata guda, kwamfuta ke nan, mai ƙugi kamar injin niƙa, kuma a cikinta aka saka mel ɗina, akwatin saƙonnina na intanet. Malam Harisu sakatare shi ke kunna ta kowace safiya don buga takardu, kuma da ta tashi, mel ɗin nawa ya buɗe kansa. Daga baya na sayi salula irin ta shafawa, mai gyaran waya na bakin tasha ya saka mini mel ɗin a ciki. Na ji kamar an ba ni fiffike. A reniyo, taronmu na Maraɗi, gaban kowa, na ce, "Daga yau ko ina cikin daji ku aiko, ina gani."

Abin da ban sani ba, na'urorin nan biyu ba bakinsu ɗaya ba. Ordinatar biro, yadda aka saita ta, in saƙo ya zo sai ta kwashe shi ta ajiye a cikinta ita kaɗai, ba ta bar wa salula komai. In salula ta riga ta gani, na gani. In Malam Harisu ya riga ya kunna, shi ke nan, saƙon ya zauna biro yana jirana.

Kuma kar ka ce ban ga alama ba. Na gani. Wani lokaci in ga saƙo da safe a salula, kafin azahar ya ɓace. Wani lokaci in amsa a salula, in zo biro in tarar kamar ban taɓa amsawa ba. Sai in ce a raina, halin waya ne. Ban tambayi kowa ba. Ni ce babba a biron, sauran duk sa'o'in yayyenka ne, na ji nauyin a ce tsohuwa ta sayi abin da ba ta iya ba. Wannan shi ne kuskurena na fari, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya tsiro.

Don haka Auta, tun kafin ka san inda ake sayar da ƙosai a garin, ka zauna gaban ordinatar nan da salularka a hannu ka gwada su. Ka aika wa kanka saƙo, ka ga ko ya sauka ga duka biyun. Ka karanta a ɗaya, ka duba ko ɗayar ta san ka karanta. Ka amsa a salula, ka nemi amsar a ordinata. Ka bari ya kwana, gobe ka sake dubawa ko yana nan. In ka ga sun saɓa ko da kaɗan ne, kar ka ce halin waya ne. Ka tambaya, ko da wanda ya sani ƙaninka ne. Takardar da ka samo a lakwal, wato makaranta, ba za ta ragu ba don ka ce ban gane ba.

Shekarar da nake ba ka labari, an shirya raba jajayen awaki ga matan ƙauyukan Isawane, irin na habbanaye: a ba mace akuya, ta haihu, ta riƙe ƴaƴan, ta miƙa uwar ga ta bayanta. Ka san ƙasar can, damina ba ta cika alkawari, akuya ita ce rumbun mace. An tsayar da rana, Laraba, mota za ta kawo su garin Isawane. Ni kuma na riga na tafi tun kafin lokacin, ina bin ƙauyuka da tungaye ina sanar da mata su hallara.

Rezo, wato sabis ɗin waya, a wajen sai an hau tudu. Duk inda na ga tudu sai in ce wa mai babur ya tsaya, in hau, in ɗaga salula sama, in jira ta kama. In duba mel, ba sabon saƙo. In ce alhamdulillahi, komai yana nan yadda aka tsara. Ashe Musa, yaron da ke kula da jigilar kaya a Maraɗi, ya neme ni a waya ba ta shiga, sai ya rubuto cewa an matso da ranar zuwa Litinin, domin ana buƙatar motar wani wuri. Ya rubuto ne da natsuwa, tunda da kunnensa ya ji na ce ina gani. Saƙon ya faɗa ordinatar biro ya kwanta.

Ran Litinin mota ta zo Isawane, ba ni, ba mata. Awaki a cunkushe, rana tana dukansu, ba a barin su haka. Likitan dabbobi da direba suka jira, suka gaji, aka ce su wuce da su wajen ƙungiyoyin garin Sarkin Hausa, waɗanda su ne na gaba a layi.

Na shigo garin ran Laraba da hantsi. Ban ko sauka daga babur ba mai shayi na bakin hanya ya ce, "Malama, ai motarku ta zo shekaranjiya ta juya." Na ce wace mota? Ya ce, "Ta awaki mana. Har kukansu ya cika garin." Auta, na sauka na tsaya. Daga inda nake tsaye ina hango matan a gindin gawo, wasu kuma suna ta ɓullowa ta hanyoyin gona. Sun taso tun sanyin safiya, wasu a ƙasa, wasu a amalanke. Kuma kowace da igiyarta a hannu. Sababbin igiyoyi, na kaba, waɗanda suka zauna suka tufka da kansu saboda ranar.

Shugabarsu wata dattijuwa ce, Iya Tsahara, doguwa, mai ƙarancin magana. Ta taso ta tarye ni, muka gaisa, ta ce, "Malama, mun ji wata magana cikin gari, munka ce ba mu ɗauka sai daga bakinki. Ina bisashen?"

Nan na yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farin muni. Maimakon in ce ban san abin da ya faru ba, bari in bincika, sai na ciro salula na nuna musu, su da ba su karatu, na ce, "Wallahi ba wanda ya gaya mini. Ku duba, ba komai a ciki. Mutanen Maraɗi ne suka yi mana haka." Na hau ɗan tudun da ke kusa, suna kallona, na kira Musa. Ya ɗauka da ladabi ya ce, "Tanti, lafiya? Mun neme ki mun rasa. Na kira ba ta shiga, shi ne na aiko mel, ke kika ce mana kina gani." Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Ƙarya kake yi, Musa. Ga salular a hannuna." Ya ce, "To Tanti, Allah ya ba ki haƙuri." Yaron da bai taɓa yi mini ko kallon banza ba.

Matan ba su yi hayaniya ba, da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Suka riƙa naɗe igiyoyinsu suna ɗaurewa a bakin zane. Wata ƙaramar mace, Habsu, mai goyon yaro ramamme, mijinta ya tafi cirani an daɗe ba labari, ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malama, na kafa turke a gida, har na yi mashi inuwa. In tuge shi ko in bar shi?" Na ce ki bar shi, za su zo. Na faɗa ne kawai, ban san ko za su zo ba.

Da na dawo Mayahi ban biya gida ba, biro na wuce, da niyyar in rubuta ƙarar Musa zuwa ga shef, shugaban aikinmu. Na zauna gaban ordinata, ga saƙonsa a sama, baƙi ƙirin, ba a buɗe ba. Da gaisuwarsa, da bayaninsa, har da roƙon in amsa masa don hankalinsa ya kwanta. Na daɗe ina kallonsa. Malam Harisu ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya lau, ba ni ruwa.

Na kira Musa na ba shi haƙuri, na kuma faɗa wa shef da bakina cewa yaron ya yi aikinsa. Amma wannan bai isa ba, tunda a gaban mata na ƙaryata shi. Na sake hawa babur na koma wajen Iya Tsahara, ta tara mini waɗanda ke kusa, na ce musu rantsuwar da na yi ran nan ba daidai ba ce. An aiko, ni ce ban gani ba, kuma laifin rashin ganin nawa ne. Iya Tsahara ta dube ni ta ce, "Da kin bar shi bisa kan yaron can, har mu mutu ba mu sani. Tunda kin tako da ƙahwarki, zamna ki sha hura." Na sha. Da zan tafi ta raka ni bakin danga ta ce, "Amma ɗiyata, gaba in za ki tashe mu daga gidajenmu, ki ji muryar mutum tukuna. Wannan abin na hannunki, in ya yi shiru ba ki san ko lahiya ce ko barci yake ba."

Ba ni da abin da zan ƙara a kan maganarta, sai dai in juya maka ita zuwa aikinka. Kai ma za ka riƙa tara mutane: ranar rigakafi, ranar awon ciki, ranar da magani zai iso. Masu zuwa wajenka goyo ne a bayansu, wasu da zazzaɓi a jiki. Kar ka aika a yi shela a ƙauyuka don kawai salula ba ta nuna maka canji ba. Shirun waya ba labari ba ne. Jajibirin ranar ka kira Tasawa ka ji da kunnenka, in rezo ya ƙi ka nemi tudu, in tudu ya ƙi ka aiki mai babur. Haka in kai ka aika saƙo mai nauyi daga ordinata, kar ka tashi sai ka ga ya fita da gaske, domin kuran, wutar lantarki, yana ɗaukewa ya bar shi a maƙale kai kana can kana cewa ka aika. Kuma duk ranar da abu ya ɓaci, ka riƙe harshenka har ka duba ko'ina. Kar ka rantse a kan abin da allo ɗaya ya nuna maka. Ba da haƙuri yana gyara zumunci, amma ni har na bar aikin nan, in Musa zai gaya mini magana sai ya maimaita ta sau biyu, yana kallon fuskata.

Bayan wannan aka turo mana teknisiye, gwanin na'ura, daga Maraɗi ya daidaita na'urorin. Ya ce wadda ke biro an saka ta a kan tsarin da suke kira POP, mai kwashewa, ya mayar da ita kan IMAP, wanda ke barin saƙonni wuri guda kowace na'ura ta leƙa. Na rubuta maka sunayen ne don ka san abin da za ka ce a yi maka. Ya kuma kwaso duk tsofaffin saƙonnin da ordinata ta tara shekara da shekaru ya zuba su can, har na koma ina ganinsu a salula. Ya yi mini bayani ya ce, "Hajiya, yanzu rumbu ɗaya ne mai ƙofa biyu." Na ce na gane. Rabin maganar na gane: cewa abin da ya shiga, duka biyun za su gani. Ban tsaya na yi tunanin abin da aka fitar ba.

Sai bayan kaka aka samu wasu awakin. Na kira Musa jajibiri, na kira shi da asuba, har ya yi dariya ya ce, "Tanti, ga ni cikin motar, ki saurari kukansu." Mata suka zo, aka raba, guɗa ta tashi. Na duba cikin taro ban ga Habsu ba. Iya Tsahara ta ce zaman ya gagare ta, ta ɗauki ɗanta ta koma gidan iyayenta can arewa, wajen da aikinmu bai kai ba. Na tambayi yaron, ta ce da rai dai suka tafi. Iyakar abin da na sani ke nan har yau. Ba na cewa akuya ɗaya za ta riƙe ta, Allah ne masani. Amma ni na ce mata ta bar turken.

A wurin rabon nan ne na yi kuskure na uku. Ina son in ɗauki hoton matan da awakinsu, salula ta ce ta cika. Na tsaya a inuwa cikin sauri, na shiga mel, na zaɓi tsofaffin saƙonni gaba ɗaya na goge, ina cewa ai suna nan a biro. Ta ce har yanzu ba wuri, na shiga kwandon shararta na zazzage shi. Na ɗauki hotuna na dawo da murna. Washegari na kunna ordinata, ina kallo da idona ta gama haɗuwa da rezo, jerin saƙonnin ya zube, fari fat. Na kira teknisiye, ya yi ƴan dabarunsa daga can, a ƙarshe ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Ai na ce miki rumbu ɗaya ne."

Takardun aiki ba su dame ni ba, an sake turo mini su. Abin da ya tafi wanda ba mai sake turowa shi ne saƙonnin babanku, Allah ya jiƙansa. Lokacin bai daɗe da rasuwa ba. Ka tuna watannin da aka tura ni horo Yamai, kuka zauna da shi? Mutumin da ko wasiƙa bai taɓa rubuta mini ba, sai ga shi yana zuwa siber, shagon intanet, bayan ya tashi daga aiki a lakwal, ya zauna yana neman haruffa da yatsa ɗaya. Hausa yake rubutawa da rubutun Faransanci, "mouna lahiya, Aouta ya tchi touwo." Ba su da yawa, ba su da tsawo. Bayan rasuwarsa, in tafiya ta yi nisa nakan buɗe su a salula in karanta. Da hannuna na share su, don in ɗauki hoton akuya.

Saboda haka ka sani, in an haɗa na'urori biyu, abin da ka goge a nan ka goge shi a can. Ganin abu wuri biyu ba ya nufin kana da shi biyu. Abin da ba ka son rasawa, ka fitar da shi ka adana shi daban, ko ka buga shi a takarda ka sa a akwati. Kar ka yi shara kana tsaye, mutane suna jiranka. Kuma ka raba na aiki da na gida, kowane da adireshinsa: ordinatar gidan likita ba taka ba ce, hannu da yawa zai taɓa ta, ga sirrin marasa lafiya a ciki. In ka tashi ka rufe, kod ɗinka na buɗe mel kuma ya tsaya a kanka.

Cikin saƙonnin baban naku akwai guda da na haddace, gogewa ba ta same shi ba. Ya ce ka faɗo daga katangar makwabta ka fasa goshi, ya kai ka aka ɗinke. Ya ce ba ka yi kuka ba, sai dai a hanyar dawowa ka riƙe rigarsa ka ce, "Baba, kar a gaya ma Inna, hankalinta zai tashi, ba za ta iya karatu ba." Sai ya rubuta a ƙasa: "Na yi mashi alkawari, ga shi na karya. Na gaya miki ne don ki san irin ɗan da kika haifa." Da na dawo na ga tabon, kuka ce mini ƙofa ce ta buge ka, na yi kamar na yarda. Yau ka ji.

Wannan halin naka shi nake so, kuma shi nake tsoro. Za ka je inda ba ka da kowa, za a yi ranar da majinyaci zai mutu a hannunka, za a yi ranar da za ka yi kuskure irin nawa ko wanda ya fi shi, kuma na san abin da zuciyarka za ta ce maka: kar a gaya ma Inna. To Auta, yanzu babu babanku da zai zagaya ya rubuto mini a bayan idonka. In ka faɗi, kai za ka gaya mini. Hankalina zai tashi, ba na musu, amma na fi son ya tashi da sani.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya kare ka daga sharrin hanya, da sharrin baki, da ciwon da kake jinyar wasu a kansa. Ya ba ka haƙuri da mutane, ya ba mutane haƙuri da kai. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka gaida maigarin da limamin ka ce uwarka ta ba su amanarka. Allah ya jiƙan babanku, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Barira